Yadda Za Ka Zaɓi Saksofon Mai Sauƙin Kuɗi Idan Yanzu Za Ka Fara Koyo

A hunturun da ya wuce wani dattijo daga Bukuru ya same mu a inda muke gwajin kiɗa da yamma, ɗansa na biye da shi rungume da baƙin akwati. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, duba mana yaron nan. Wata uku ke nan da na saya masa abin busan nan, kullum yana fama, amma ban da kukan agwagwa ba abin da muke ji a gida." Yaron ya sunkuyar da kai. Na buɗe akwati, ga saksofon sabo fil, sai ƙyalli yake yi. Na haɗa shi na busa. Sautukan tsakiya sun fito, amma da na gangara ƙasa sai huci kawai. Na ce, "Baba, yaronka ba shi da laifi. Kayan ne ke yoyon iska, ni ma da na daɗe a harkar ga shi ya ƙi ni."

Kuɗin da dattijon ya kashe sun dame ni, amma wata ukun da yaron ya yi yana zargin kansa sun fi ci mini rai. Yara da yawa a nan suke ajiye busa har abada, suna ganin Allah bai ba su baiwar ba. Shi ya sa na zauna na rubuta matakan da nake bi duk lokacin da aka ce in raka wani sayen saksofon na farko.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Saksofon bututu ne na tagulla mai ramuka sama da 20, kowane rami da marfinsa mai fata a ciki. Idan fatun nan suna rufe ramukan ruf, kayan zai yi magana ko da fentinsa ya koɗe. Idan guda ɗaya tak na sama yana yoyo, duk sautukan da ke ƙasa da shi sun lalace. Saboda haka abin da za ka saya da kuɗinka shi ne rufuwar fatu da ƙarfen da ba ya lanƙwashewa. Sauran duk ado ne.

Da farko, ka san girman da kake nema

Adolphe Sax, mutumin Beljiyam, shi ya ƙirƙiro wannan abin busa, ya yi masa rajista a birnin Faris a 1846. Iri-iri ya ƙera, amma huɗu ne suka yi saura a hannun mutane: sofrano, alto, teno da bariton, daga ƙarami zuwa babba. Duk da jikinsa na tagulla ne, ba a lissafa shi cikin dangin ƙaho irin su kakaki, domin ba leɓe ke ba da sautin ba. Wani ɗan siririn kara ne da ake ɗaurawa a bakin busa, masu harkar suna kiransa rid, shi ke karkarwa idan iska ta bi ta kansa. Ta wannan fuskar ya fi kusa da algaitarmu, sai dai ita tsinkenta harshe biyu ne, shi kuwa ɗaya.

Ka sayi alto. Wannan ita ce shawarata ga kusan duk mai farawa, yaro ko babba, mace ko namiji. Nauyinsa wajen kilo 2 da rabi ne, yatsu suna kai wa maɓallansa ba tare da miƙa ba, ba ya cin iska da yawa, rid ɗinsa ya fi na teno araha, kuma shi ya fi yawa a kasuwa, don haka na hannu ma ya fi samuwa. Yadda ake ɗora yatsu iri ɗaya ne a dukkan huɗun. Wanda ya ƙware a alto, ranar da ya ɗauki teno ba sabon karatu zai fara ba.

Matasa da yawa suna zuwa da sha'awar sofrano saboda sun ga Kenny G riƙe da shi, ga shi ƙarami, sai su ɗauka shi ya fi sauƙi. Akasin haka ne. Ƙanƙantarsa ta sa ɗan motsin leɓe kaɗan yake karkatar da sauti, kuma sofrano mai araha shi ya fi kowanne wahalar daidaitawa. Teno kuwa, mai kaurin murya irin wadda ake ji a busan Fela Kuti, babba mai faɗin hannu zai iya farawa da shi in zuciyarsa na can. Ba na hana wanda ya ce shi muryar teno ce ta jawo shi, don abin da kake so shi za ka yi ta ɗauka kullum. Amma ya sani zai ƙara kuɗi, kuma zai rataya fiye da kilo 3 a wuya. Bariton a bar wa ƙungiya ta saya.

Idan yaro za a saya wa, a bari haƙoransa na gaba na dindindin su gama fitowa, domin a kansu bakin busa ke zama. Yawanci daga shekara 9 ko 10 ne abin ke yin daidai.

Ka raba kuɗinka kafin ka bar gida

Farashin kayan nan yana bin dala, na wannan watan ba shi ne na watan gobe ba. Ka tambayi wuri uku a mako guda ka san inda kasuwa ta tsaya. Abin da ba ya canzawa shi ne rabon kuɗin. Duk abin da ka tara, ka ware kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye gefe, kada ka taɓa shi wajen ciniki. Da shi za ka sayi bakin busa mai kyau, kwalin rid, maratayin wuya, man kok (ɓawon itace mai laushi da ake zura bakin busa a kansa) da ƙyallen goge ciki, ka kuma biya mai gyara ya daidaita maka kayan. Wanda ya zuba kuɗinsa kakaf a kan saksofon ya dawo gida da rid guda ɗaya, ranar da ya tsage busa ta tsaya.

Sabo ko na hannu?

Kayan da ke kasuwa hawa uku ne. A sama akwai na ƙwararru, irin su Selmer na Faransa da Yanagisawa na Japan. Waɗannan ba naka ba ne yanzu, na ambace su ne don ka gane tarko. Selmer Mark VI, wanda aka fara ƙerawa a 1954, yana cikin saksofon da ake rububi a duniya. Duk wanda ya miƙo maka shi a kuɗin na ɗan koyo, ko dai jabu ne ko kuwa na sata.

A tsakiya akwai na ɗalibai daga kamfanonin da suka yi suna. Yamaha ne kan gaba: tsohon samfurin YAS-23, sai YAS-275, sai YAS-280 da ake sayarwa sabo yanzu. Harafin A na tsakiya alto yake nufi, na teno YTS ake rubutawa. Akwai kuma Jupiter na Taiwan. Abin da ya sa malamai ke son waɗannan shi ne ƙarfen maɓallansu yana riƙe saiti, sautukansu suna kan layi, mai gyara ya san su, kuma in ka tashi sayarwa za ka sami mai saye.

A ƙasa akwai sababbi masu araha, yawancinsu ƙirar Sin, da sunaye barkatai da ake bugawa a jiki. Ba zan yi musu kuɗin goro ba. Na busa waɗanda suka ba ni mamaki, na kuma ga wanda maɓallinsa ya lanƙwashe a hannun yaro cikin mako biyu. Matsalarsu ita ce ba su da tabbas: guda biyu daga kwali ɗaya, ɗaya lafiya lau, ɗaya gurgu. Saboda haka idan a nan ƙarfinka ya tsaya, ba laifi, amma sai ka gwada ainihin wanda za ka ɗauka. Kada a gwada maka na kan kanta a miƙo maka wani a rufe.

In an ba ni zaɓi tsakanin tsohon Yamaha na gaske da ya sha hannu amma fatunsa na rufewa, da sabo mai ƙyalli wanda ban san asalinsa ba, a kuɗi ɗaya, tsohon zan ɗauka ban ko waiwaya ba. YAS-23 ba shi da maɓallin sautin F♯ na can sama (da haruffa A zuwa G ake kiran sautukan kiɗa, alamar ♯ tana ɗan ɗaga sauti, ♭ tana ɗan sauke shi), mai sayar da sabo zai iya yi maka burga da wannan. Kada ya ɗaga maka hankali, sai ka yi shekaru kafin ka nemi maɓallin nan.

Sai dai suna ma ana sata. Jabun Yamaha da jabun Selmer suna yawo. Ka duba lambar kayan da ke bayan jiki, ƙasa da ƙugiyar da babban yatsan dama ke shiga. A na gaske rubutun yana da tsabta da zurfi iri ɗaya. Ka buɗe shafin kamfanin a wayarka, ka kwatanta hoton samfurin da wanda ke hannunka: siffar tambari, garkuwar maɓallan ƙasa, sandar da ta haɗa kwano, wato buɗaɗɗen bakinsa na ƙasa, da jiki. Idan an ce sabo ne kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da manyan dillalai ke faɗa ba, ka riga ka sami amsa.

Wani lokaci kuma cikin kayan da ake shigowa da su na hannu akan tsinci tsoho tukuf, ɗan shekara kusan 100. In ka ga an buga H ko HP kusa da lambarsa, an ƙera shi ne a kan wani tsohon ma'aunin sauti da ya fi na yanzu tsayi, ba zai taɓa daidaita da fiyano ba. Ka bar shi.

Ka nemi ɗan rakiya, ka nemi mai gyara

Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne tsare kuɗi. Wanda bai iya busa ba, ba zai iya gane lafiyar abin busa ba, ko da ya haddace duk abin da na rubuta. Garinmu Jos kuwa bai rasa mabusa ba. Akwai su a ƙungiyoyin kiɗa na coci-coci, da masu kiɗan biki, da 'yan badujala na 'yan sanda da na soja, har da waɗanda suka yi ritaya daga barikin Rukuba. Ka sami ɗaya ka gaishe shi da girmamawa, ka ce, "Yallaɓai, ina so in fara koyo, don Allah ka raka ni ka duba mini." Ka biya masa kuɗin mota, ka ba shi na goro. Ka roƙe shi ya zo da bakin busansa da rid ɗinsa da ya saba da su, don in sauti ya ƙi fita a san ba daga nan ba ne.

Ka tambaye shi kuma wa ke yi masa gyara. Masu gyaran saksofon ba su da yawa, kuma ba aikin mai walda ko mai gyaran rediyo ba ne. Gara ka san inda za ka kai tun kafin ka saya.

A cikin gari za ka fara da shagunan kayan kiɗa da na lasifika da ke wajen Terminus da titin Ahmadu Bello. Yawancin kayansu daga Legas suke zuwa, musamman kasuwar Alaba. Na hannu kuwa sau da yawa a bakin mabusa ake jin labarinsa: wani ya sayi babba yana so ya saki na farkonsa, ko wata ƙungiya tana da wanda ke kwance. Irin wannan ya fi kwanciyar hankali, don ka san hannun da ya fito.

Dubawa da ido da hannu

Ka buɗe akwati ka sunsuna. Warin ruma yana nufin an daɗe da ajiye shi a danshi, kuma mai yiwuwa fatun sun ruɓe. Sannan ka ɗaga shi ta kwanon, wato buɗaɗɗen bakinsa na ƙasa. Kada ka cafko shi ta maɓallai.

Ka riƙe shi a miƙe ka leƙa ta saman bututun zuwa ƙasa, kamar mai duba gorar da zai saya. Jikin ya zama sambal. In ya karkace, ya taɓa faɗuwa, kuma ramuka da marafansu sun daina haɗuwa daidai. Ɗan lotsawa a kwano ko a gindin da ya lanƙwasa ba ya hana komai, sai ma ya ba ka hujjar neman ragi. Lotsawa a wuya, wato lanƙwasasshen bututun sama da ake cirewa, ko a gefen rami ita ce matsala. Wuyan nan ɗan ƙarami ne amma shi ke juya sautin gaba ɗaya. Ka duba ko an taɓa danne shi ƙasa har gefensa ya kumbura. Ka zura shi a mazauninsa ka ɗaure sukurun: ya shiga sumul, ya zauna daram ba girgiza. Kok ɗin da ke bakinsa, wato ɓawon itacen nan mai laushi, in ya farfashe canza shi ba tsada.

Sai fatu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tocilar waya. Mai lafiya launin ƙasa-ƙasa ce, da laushi, da zoben da bakin rami ya zana mata a tsakiya. Wadda ta yi baƙi ta bushe kamar ƙirgi, ko ta tsage, ko ta kumbura, ta gama aiki. Biyu ko uku ana canzawa da kuɗi kaɗan. In rabinsu sun mutu, canza su duka zai iya cin kuɗin da ya kai na saksofon mai araha sabo. A nan ciniki ya ƙare, sai dai in kayan babban suna ne kuma an sakar maka shi sosai.

Yanzu ka yanki siririyar takarda, mai faɗin rabin yatsa, mafi sirantar da za ka samu. Ka sa ta tsakanin fata da bakin rami, ka rufe maɓallin da ɗan taɓi kaɗan irin na mai busa, ka ja takardar. Ya kamata ka ji ta ɗan riƙe. Ka maimaita a kusurwa huɗu na marfin. In ta riƙe a gaba ta zame salin-alin a baya, iska na fita ta nan. Kada ka matse da ƙarfi, domin matsi yana ɓoye yoyo, kuma ba wanda ke busa da yatsu a ƙage. Masu gyara suna zura 'yar fitila cikin bututun a ɗaki mai duhu, duk inda haske ya leƙo nan ne ɓarakar. In akwai halin yin haka, ya fi takarda.

Ka kama kowane maɓalli ka ɗan girgiza shi gefe da gefe. Wasa kaɗan ba komai, amma wanda ke kaɗawa kamar haƙorin da zai fita ya ci sandarsa. Ka danna ka saki: ya dawo da sauri, ba ya maƙalewa, ba ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe. A sababbi masu araha ka ɗan taɓa dogayen maɓallan gefe da yatsa a hankali, in ka ji ƙarfen yana bin hannunka kamar waya, ba zai riƙe saiti ba.

Akwai kuma maɓallin da babban yatsan hagu ke dannawa don sauti ya haura sama. Ƙananan ramuka biyu yake sarrafawa, ɗaya a wuya, ɗaya a saman jiki. Ka sa ɗan rakiyarka ya nuna maka yadda ake ɗora yatsu a sautin G, ka ɗora ka danna shi: na jiki ne zai buɗe, na wuya ya zauna a rufe. Ka ɗaga yatsa ɗaya ka koma A: na wuya ya buɗe, na jiki ya rufe. In duka biyun suna buɗewa tare, ko na wuya ba ya zama a rufe sa'ad da ba a taɓa komai ba, kukan agwagwar da dattijon nan ya faɗa ke nan.

Gwajin busa

Yanzu aikin ɗan rakiyarka ne, kai ka kasa kunne. Ya fara daga tsakiya ya gangara har sautin ƙarshe na ƙasa, B♭, kuma a hankali, da murya ƙasa-ƙasa. Da ƙarfi kowane ƙwararre zai iya tilasta wa kayan da ke yoyo ya yi magana, kai kuwa ba ka da wannan ƙarfin tukuna. Ka ce masa, "Don Allah busa mini na ƙasan nan kamar jariri na barci a ɗakin." In C da B da B♭ sun fito cikin sanyi ba gurnani ba tsalle, kayan na rufewa.

Ya riƙe D ko F na ƙasa, yana cikin busawa ya danna maɓallin G♯ da ƙaramin yatsan hagu. Sautin bai kamata ya motsa ba. In ya rawa, wani sukurun saiti ne ya kwance. Gyaransa minti kaɗan ne, amma a yi shi kafin ka biya.

Sai daidaiton sauti. Ka sauke manhajar auna sauti a waya, kyauta ake samunta. A bar kayan ya ɗumama da busa na minti biyar tukuna, domin abin busa mai sanyi sautinsa ƙasa yake yi, kuma sanyin Jos ba sai an gaya maka ba. A alto, ya busa F♯, manhajar za ta nuna A, wato sautin da ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa, wanda ake daidaita kayan kiɗa a kai. Tura bakin busa ciki yana ɗaga sauti, jawo shi waje yana sauke shi. In sai an tura shi har ƙarshen kok ko an bar shi yana reto a baki kafin a sami daidai, akwai matsala. Daga nan ya bi sautuka ɗaya-ɗaya, kowanne da takwaransa na sama. Kowane saksofon yana da 'yar karkata: D na tsakiya yakan ɗan hau, C♯ na tsakiya yakan ɗan sauka, wannan leɓe ke gyara shi. Wanda allurar ke tsalle nesa daga sauti zuwa sauti, aibin a ƙira yake, ba mai gyaran da zai iya masa.

Kada ganin A a manhaja alhali an busa F♯ ya rikita ka. Haka alto yake: in ka busa C, fiyano E♭ yake ji. Shi ya sa idan mai fiyano yana kiɗa a C, mai alto a A yake, mai teno kuma a D. Na sha ganin sabon ɗalibi ya koma shago da faɗa a kan wannan, yana cewa an sayar masa da mara kyau.

A ƙarshe kai ma ka rataya shi. Ko ba ka iya komai ba, ka ɗora yatsu ka ji ko ƙananan yatsunka suna kai wa maɓallansu, ko tafin hannunka na buɗe na gefe ba da niyya ba.

Ciniki

Duk aibin da kuka gano ka lissafa shi da kuɗin gyaransa, ka cire daga tayi. Ka nemi rasit mai ɗauke da sunan samfuri da lambar kayan, da yarjejeniyar cewa za ka iya dawowa da shi cikin kwana kaza in wani abu ya ɓullo. In na hannu ne, ka tambayi inda aka samo shi, ka kuma ga fuskar mai shi. Kayan kiɗa na ƙungiyoyi suna ɓacewa, ba ka so ranar da ka fara fita da shi wani ya gane nasa.

Saye ta intanet, a Jiji ko Facebook ko wani wuri, cinikin biri a sama ne in ba a yi hattara ba. In mai kayan yana Jos ko Abuja, ku haɗu a wurin jama'a da ɗan rakiyarka. In yana Legas, ka nemi wani naka a can ya je ya gwada, ko aƙalla a yi kiran bidiyo kai tsaye a busa na ƙasan nan a hankali, a nuna maka lambar. Kada ka tura kuɗi gaba ɗaya a kan hoto. In za a sa shi a mota, a cusa masa toshin da ke rufe bakin bututunsa na sama, a tallafe shi da tsumma cikin akwati har ya daina motsi, kuma ka sa a ranka cewa bayan doguwar hanya zai nemi saiti.

Bakin busa da rid

Bakin busan da ke zuwa da saksofon mai araha sau da yawa shi ne mafi rauni a cikin akwatin. Canza shi da Yamaha 4C ita ce gyara mafi arha da ke kawo babban bambanci, kuma malamai da yawa da shi suke fara ɗalibai. Na ƙarfe masu tsada ba naka ba ne yanzu. In na hannu ka gada, ka duba bakinsa ba tsaga ba ɓantara, ka wanke shi da sabulu da ruwa mai ɗumi kaɗan. Tafasasshen ruwa yana ɓata shi.

Rid daga wani irin kara ake fere shi, wanda ya fi suna shi ne na kudancin Faransa. Lamba ake ba shi gwargwadon taurinsa. Ka fara da 2, yaro ƙarami 1.5, bayan wasu watanni in leɓe ya yi ƙwari ka koma 2.5. Babbar lamba ba alamar gwaninta ba ce, wahalar da kai ce kawai ga mai farawa. Na kamfanin Rico mai kwali ruwan lemo ya fi laushi, na Vandoren mai shuɗin kwali ya ɗan fi shi tauri a lamba ɗaya. Na alto 10 ne a kwali. Ka buɗe uku ko huɗu kana juya su, kada ka bi guda ɗaya har ya mutu. Akwai na roba irin na Légère, ya fi tsada amma yana daɗewa kuma bai damu da bushewar iska ba. Ga mai busa a hunturun Filato wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ka fara busawa, kada ka kumbura kumatu irin na mai algaita. Shi dabararsa ta ajiye iska ce a baki, kai kuwa daga ciki za ka turo ta, haƙoran sama a kan bakin busa, leɓen ƙasa ya ɗan lulluɓe haƙora.

Makonnin farko a gida

Ko sabo ka saya, ka kai wa mai gyara ya bi shi sau ɗaya. Saksofon ɗin yaron Bukuru fatu biyu ne ba su zauna daidai ba, sai sukuru ɗaya da ya kwance. Da aka gyara, a ranar ya fitar da C na ƙasa, ya ɗago yana kallon mahaifinsa.

Garinmu yana kan tudu, wajen mita 1,200, kuma yanayinsa biyu duk suna taɓa kayan. Da hunturu rid yana bushewa ya kanannaɗe, sai ka jiƙa shi a ruwa minti biyu kafin ka ɗaura. Kok yana ƙeƙashewa, ka riƙa shafa masa mansa kaɗan-kaɗan. Ƙura tana shiga sandunan maɓallai, don haka kada ka bar shi a waje in ka gama. Da damina kuwa danshi ne abokin gaba: ka zura ƙyalle ta kwano ka jawo ta sama sau biyu ko uku, ka goge wuya daban, ka cire rid ka share shi ka mayar a gidansa, ka bar akwatin a buɗe na ɗan lokaci kafin ka rufe.

Ka kurkure baki kafin busa, musamman bayan shayi ko kunu ko zoɓo. Sukari yana bin numfashi ya sauka a kan fatu, shi ke sa G♯ da C♯ na ƙasa su manne. In hakan ta faru, ka sa tsabtatacciyar takarda a ƙarƙashin fatar, ka rufe a hankali ka ja, sau biyu ko uku. Kada ka cusa littafi ko ƙarfen ɗora takarda cikin akwati a kan maɓallai. In ka shiga keke da shi, ka ɗora akwatin a kan cinyarka, gefen marfin yana kallon jikinka, don ko makulli ya ɓalle a gargada kayan ba zai zube a titi ba.